Abokaina 'yan ɗaga ƙarfe na so in gwada musu allurar sitiroyid a lab ɗin wurin aikina

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin lab ne a wata babbar makarantar gwamnati a nan Legas, ina zaune a Agege. Da yamma nakan je jim ɗaga ƙarfe. Wasu abokaina a can suna yi wa kansu allurar sitiroyid, maganin ƙara tsoka, da suke saya a hannun wani mutum ta WhatsApp, kuma kwanan nan cinyar ɗayansu ta kumbura har ta tara mugunya. Da suka ji ina aiki da GC-MS da HPLC, na'urorin gano sinadaran da ke cikin abu, sai suka roƙe ni in riƙa duba musu kwalaben bayan an tashi aiki, su ba ni na goro. Shi ma mai sayarwar ya aiko cewa zai biya da kyau idan zan ba shi sakamakon a rubuce. Ni dai taimako nake nufi. Akwai abin da zai iya taɓa ni ta fuskar doka ko ta aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Akwai, kuma ba kaɗan ba. Shawarata ita ce kada ko kwalba ɗaya ta shiga lab ɗin nan ta ɓarauniyar hanya. Na daɗe ina aikin nazarin sinadarai, na kuma riƙe ɗakin gwaji mai irin waɗannan na'urori, saboda haka na san abin da zuciya ke raya maka: inji yana kunne, samfuri ɗaya ba zai ci awa guda ba, kowa ya tafi gida, ga kuma abokinka yana ɗingishi. Ban ɗauke ka mai kwaɗayi ba. Tsoron da kake ji wa abokanka ma yana kan hanya. A 2022 wasu masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan sitiroyid na kasuwar bayan fage a ƙasashe daban-daban, suka tarar kusan kashi 36 cikin 100 jabu ne, sannan wani kashi 37 kuma awonsa bai yi daidai da abin da aka rubuta a jikin kwalba ba. Wanda ke tsira wa kansa irin wannan kaya yana cikin haɗari na gaske. Sai dai gwajin da kake son yi ba zai fitar da shi daga haɗarinsa ba, kai kuma zai jefa ka cikin naka.

Mu fara da injin, tunda a nan ne ni da kai muke jin yaren juna.

Idan ka tsarma ɗigon man da ke cikin kwalbar ka saka a GC-MS, abin da za ka samu shi ne suna. Na'urar za ta farfasa sinadarin, ta kwatanta gutsattsarinsa da abin da ke cikin kundin NIST, ma'ajiyar bayanan sinadarai, ta ce maka wannan ya yi kama da testosteron enantet, ko nandurolon, ko tirenbolon, duk nau'o'in sitiroyid ne. To madalla. Amma abokinka ba suna kaɗai yake nema ba. Kwalbar ta ce miligiram 250 a kowace mililita. Shin 250 ɗin ne, ko 90, ko 400? Wannan ba ya samuwa sai da tsantsar sinadarin ma'auni mai takardar shaida, ka auna shi, ka zana layin awo, ka kuma tabbatar hanyar da ka bi tana zaro sinadarin daga cikin man gaba ɗaya. Lab ɗin da ba a kafa don wannan aiki ba ba ya ajiye irin wannan ma'auni, shigo da shi kuma sai da takardu, domin a ƙasashen da ake sarrafa shi ma kaya ne da doka ta sa wa ido. Wasu sukan sayo Sustanon, allurar testosteron ta kamfani, a kyamis su yi ma'auni da shi. Wannan kintace ne, ballantana Sustanon gaurayen nau'i huɗu ne na testosteron. A HPLC mai fitilar UV kuwa, enantet da sipiyonet, nau'i biyu na testosteron, suna fitowa kusa da juna sosai, hasken da suke sha ma iri ɗaya ne, wanda bai goge a hanyar ba zai kira wannan da sunan wancan.

Duk wannan bai ma kai ga cinyar abokinka ba. Abin da ke sa wurin allura ya tara mugunya yawanci ƙwayoyin cuta ne, ko daga man da aka dafa a ɗaki marar tsabta, ko daga allurar da aka maimaita, ko daga fatar da ba a goge ba. GC-MS ba ta ganin bakteriya, HPLC ma ba ta ganinta. Gwajin tabbatar da cewa ruwan allura ba shi da ƙwayar cuta aiki ne na daban a ɗaki na daban, kuma bisa ƙa'idar harhaɗa magunguna kwana 14 ake ajiye samfurin ana lura da shi. Dafin da bakteriya ke bari ko bayan ta mutu, wanda ke kawo zazzaɓi da rawar ɗari, gwajinsa daban. Dalma da sauran ƙarafa masu guba, injinsu daban. Sannan kwalba ɗaya ba ta wakiltar 'yan'uwanta. A masana'anta ta gaskiya lambar rukuni tana nufin an haɗa kayan a tukunya ɗaya, rana ɗaya, da rubutaccen bayani. Mai dafawa a ɓoye kuwa lamba ɗaya yake bugawa a kan abin da ya haɗa a Janairu da wanda ya haɗa a Yuni.

Iyakar abin da za ka iya faɗa da gaskiya ke nan: na ga alamar testosteron a wannan kwalbar. Abin da kunnen abokinka zai ji kuwa shi ne, oga na lab ya ce kayan orijina ne. Daga nan ya saki jiki, ya ƙara awo, ya jawo ƙannensa. Wannan ya fi komai damuna a lamarin, domin kai da ka fito don rage cuta kai ne za ka cire musu ɗan tsoron da ke taka musu burki.

Yanzu ga mai sayarwar. Ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa shi ne ya fi kowa son biya, kuma me ya sa a rubuce yake so. Ba lafiyar kowa ce ta dame shi ba, hatimi yake nema. Kai ɗan Agege ne, ka san abbatuwar Oko-Oba: naman da likitan dabbobi ya buga wa hatimi shi mai saye ke ɗauka ba tare da tambaya ba. Mutumin nan so yake ya ari hatimin makarantarku ya buga a kan naman da ba a duba ba. Zai kawo maka kwalba ɗaya mai kyau, wataƙila ma ta kamfani ce ta gaske ya juye, ka fitar da sakamako, shi kuma ya ɗauki hoton takardar ya riƙa turawa duk wanda ya yi masa tayi, bana da baɗi. Ka san kuma takardar da injin ke fitarwa tana ɗauke da sunan na'urar, da sunan wanda ya shiga manhajar, da rana da sa'a. Ko ka yanke saman takardar, shi ba zai ɓoye inda aka yi gwajin ba, tunda sunan wurin shi ne abin da ya biya kuɗi a kai.

A nan doka ta shigo. Za ka ji 'yan jim suna cewa sitiroyid ai ba hodar ibilis ba ce. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare: ba ya cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971 suka ƙayyade, kuma a Najeriya testosteron magani ne da likita ke rubutawa ga mai buƙata. Amma wannan bai wanke kwalbar WhatsApp ba. Dokar rajistar abinci da magunguna, wadda ta fara a matsayin dokar soja mai lamba 19 ta 1993, ta hana shigowa da magani, ko sarrafa shi, ko tallata shi, ko sayar da shi, ko rarraba shi matuƙar NAFDAC ba ta yi masa rajista ba. Wadda ta fi ta zafi ita ce dokar jabun magunguna, babi na C34 a kundin dokokin tarayya na 2004. Sashenta na farko bai tsaya kan mai sarrafawa da mai sayarwa ba, ya haɗa da wanda aka samu jabun magani ko marar inganci a hannunsa, da kuma wanda ya taimaka ko ya mara wa mai yin baya. Hukuncin shi ne tara da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba bai kuma wuce 15 ba, ko a haɗa duka. Takardar da ka rubuta wa ɗan kasuwa ya yi talla da ita, mai gabatar da ƙara ba zai sha wahala wajen kiranta taimako ba. Kwalaben da ke cikin durowarka kuma a hannunka suke. Ka ƙara da cewa mai sayar da magani a ɓoye ba ya tsayawa kan abu ɗaya. Ranar da aka haɗo maka da ƙwayoyin da ba ka san su ba, aka tarar akwai abin da ya shafi NDLEA a ciki, kai ne za ka yi bayanin yadda suka kwana a ofishinka.

Sai dai a ganina abin da zai fara kayar da kai ba dokar magani ba ce, dokar aikin gwamnati ce, kuma ita ce 'yan'uwanmu ma'aikata suka fi rainawa. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ma'aikatan jami'o'i da kwalejoji da cibiyoyin gwamnati a cikin jami'an da ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata ta hau kansu. Ta hana ka sa kanka inda son ranka zai ci karo da aikinka, ta kuma hana ma'aikaci na dindindin gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma. Kotun ɗa'ar ma'aikata tana da ikon raba mutum da kujerarsa, ta kuma hana shi riƙe muƙamin gwamnati har tsawon shekara 10. Sashe na 19 na dokar ICPC ta 2000 kuma ya ce jami'in da ya yi amfani da ofishinsa ya jawo wa kansa, ko ɗan'uwansa, ko abokin hulɗarsa wata moriyar da ba ta dace ba, ɗaurin shekara 5 ne babu zaɓin tara. Ka lura da abokin hulɗa da aka ambata. Cewa kyauta ka yi bai fitar da kai ba.

Kuma injin ba iska yake sha ba. Tukunyar hiliyam da kuɗi ake cika ta, asitonaitiral da metanol masu darajar HPLC da kuɗin waje ake shigo da su, kolom ɗaya, wato bututun da ke rarrabe sinadarai a cikin injin, ya fi albashin wasu ma'aikatan. Makarantu da yawa suna karɓar samfuri daga waje, wannan ba laifi ba ne, amma akwai fom, akwai sa hannun shugaba, akwai rasit, kuma a ma'aikatun tarayya tun 2015 kuɗin asusun bai-ɗaya na gwamnati yake shiga. Alat ɗin da ya faɗo asusunka na kanka daga wayar mai sayar da allura, kwamitin bincike ba zai kira shi goro ba. Akwai kuma batun wanda ke da hurumin ba jama'a takardar shaidar nazarin magani. Wannan aikin masu nazari ne da ke da rajista da IPAN, cibiyar da doka mai lamba 100 ta 1992 ta kafa. Iya sarrafa inji daban, lasisin sa hannu daban. In kuwa ka ɗora sakamakon a kan takarda mai tambarin makaranta ba da izini ba, ka shiga layin masu ƙirƙirar takardun bogi.

Na san za ka ce wa zai sani. Injin da kansa zai faɗa. Manhajojin da ke tafiyar da waɗannan na'urori, irin su Empower da Chromeleon da OpenLab da LabSolutions, an gina su ne su riƙe sawun kowane aiki: wa ya shiga, da ƙarfe nawa, me ya saka, me ya goge. Akwai ma'aunin da ke ƙirga yawan samfurin da ya wuce, akwai littafin rajista, akwai littafin masu gadi. Man da ake narkar da sitiroyid a ciki yana da naci, yana ɓata gilashin bakin injin, yana manne wa kolom, sai ɗalibar digiri na biyu ta zo washegari da ganyen da take nazari ta ga wani baƙon tsauni, alamar sinadarin da ba nata ba, a sakamakonta. Shugaban lab mai ido zai duba kundin ya ga sunan sinadarin. Wanda ya yi ƙoƙarin goge fayil ko ya shiga da kalmar sirrin abokin aiki ya ƙara wa kansa laifi na biyu da ya fi na farko muni, ya jawo dokar laifukan intanet ta 2015, ya kuma shafa wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Duk da haka, asirin irin wannan ba kasafai daga lab yake tonuwa ba. Daga waje yake zuwa. Ka tuna yadda NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Anaca da Aba a Fabrairun 2025. Ranar da aka kama mai sayarwar, wayarsa ce za ta fara magana, kuma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da aka ciro daga waya da kwamfuta. Ko kuma wani yaro ya kwanta asibiti da ciwon hanta ko na zuciya, Allah Ya kiyaye, iyayensa su buɗe wayarsa su ga saƙonka cewa kayan lafiya lau. Ko ku saɓa da mutumin kan kuɗi, ya gane cewa yanzu aikinka yana hannunsa. Wannan na ƙarshen shi nake ji maka tsoro ƙwarai, domin daga ranar ba ka da bakin cewa a'a, kuma zai dawo da kwalbar da kai da shi kun san ba ta da kyau ya ce ka rubuta tana da kyau.

Ta fuskar aiki, ba sai an je kotu ba. Takardar tuhuma, dakatarwa, kwamitin ladabtarwa, kora. Kwamiti ba ya buƙatar irin hujjar da alƙali ke buƙata. Daga nan maganar ta wuce hukumar da ta ba ka lasisi, MLSCN ce idan kai masanin gwajin asibiti ne, ICCON idan masanin kimiyyar sinadarai ne, PCN idan mai harhaɗa magunguna ne, kuma kowaccensu tana da hanyar ladabtar da 'ya'yanta har da soke rajista. Masu iya GC-MS da HPLC a Legas ba su da yawa. Daga Yaba zuwa Oshodi zuwa masana'antun Ikeja da Agbara da Ota, kowa ya san kowa, injiniyan da ke gyara injinku shi ke gyara nasu. Jarin mai aikin lab gaba ɗaya shi ne a yarda da lambar da ya rubuta. Wanda aka kora don ya shigar da samfurin da ba a rubuta ba, wane kamfanin magani ne zai miƙa masa makullin ɗakin tabbatar da inganci? Ba kai kaɗai za ka biya ba. Idan lab ɗin yana da shaidar ingancin ɗakin gwaji ta ISO 17025 ko yana nemanta, samfurin da ba shi da asali babbar ɓaraka ce a idon masu tantancewa. Sakamakon ɗaliban da suka yi aiki a makonnin zai shiga shakka. Shugabanka da ya amince ya bar maka makulli shi zai tsaya gaban hukumar makaranta. Amana ce aka ba ka, kuma mutane da yawa suna rataye da ita.

Idan kana da burin fita waje, ka ƙara lissafi. A Amurka sitiroyid yana cikin jadawali na uku na ƙwayoyin da aka ƙayyade tun dokar 1990. A Birtaniya yana rukunin C, kuma rarraba shi na iya jawo ɗaurin shekara 14. Hukumomin rajistar ma'aikatan lafiya da na ba da biza suna tambayar ko an taɓa hukunta ka ko an ladabtar da kai a wurin aiki, suna kuma neman takardar shaidar kyakkyawan hali daga hukumarka ta gida. Abin da a nan aka ɗauka ɗan taimakon abokai ne, a can da sunan harkar ƙwaya za a karanta shi.

Akwai wani lungu da ba ka ambata ba, amma ina ganin zuwansa. Cikin masu zuwa jim a Legas akwai 'yan dambe, da 'yan kokawa, da masu ɗaga nauyi da ke atisaye a Surulere suna neman shiga gasa. Yau kwalba ce, gobe wani zai zo da fitsarinsa ya ce duba min ko ya fita daga jikina kafin gasa. Wannan taimaka wa maguɗin wasanni ne kai tsaye. Ƙa'idar WADA, hukumar yaƙi da maguɗin ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta ɗauki haɗa baki da rufa asiri a matsayin laifi mai zaman kansa, ta kuma hana 'yan wasa hulɗa da wanda kotu ko hukumar sana'arsa ta samu da irin wannan aiki. Ɗakunan gwajin da WADA ta amince da su ma an hana su karɓar samfuri daga hannun ɗan wasa don kansa, saboda wannan dalilin. Tarihi ya nuna mutanen bayan fage ba sa tsira. Patrick Arnold, masanin sinadaran da ya haɗa sitiroyid ɗin THG a badaƙalar maguɗin wasanni ta BALCO a Amurka, ya yi zaman gidan yari a 2006. Grigory Rodchenkov, shugaban ɗakin gwajin Mosko da ya mai da lab ɗinsa wurin rufa wa 'yan wasan Rasha asiri, ya gudu daga ƙasarsa a 2015, yana zaune a ɓoye. Dokar Amurka da aka sa wa sunansa a 2020 tana bin waɗanda suka taimaka wa maguɗi a manyan gasannin duniya ko a wace ƙasa suke, da ɗaurin da zai iya kai shekara 10. Mutum na farko da aka tuhuma da ita, Eric Lira na garin El Paso, a kan samar wa 'yan tsere haramtattun magunguna ne kafin gasar Olamfik ta Tokyo, ciki har da 'yar Najeriya Blessing Okagbare, wadda aka dakatar shekara 11. Shi kuma ya amsa laifinsa a 2023, aka ɗaure shi a 2024.

To me za ka yi da wannan niyya taka ta alheri? Ba na so ka watsar da ita.

Na farko, mai kumburin cinya ya tafi asibiti yau, ba gobe ba. Mugunyar da ta taru a cikin tsoka sau da yawa sai an tsaga an fitar, shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kyamis ba ya isa, kuma idan ta shiga jini ana rasa rai. Ga babban asibitin Orile-Agege kusa da ku, ga LASUTH a Ikeja, ga LUTH a Idi-Araba. Ya gaya wa likita gaskiyar abin da ya tsira, ya tafi da kwalbar. Sauran kuma jikinsu ya kamata a gwada, domin shi ne zai faɗi abin da kwalba ba za ta faɗa ba: awon hawan jini, kaurin jini, aikin hanta da ƙoda, kitsen jini, da sinadaran da suka shafi haihuwa, wato LH da FSH da testosteron. Sitiroyid yana sa jini ya yi kauri, yana rage kitse mai amfani, yana kumbura tsokar zuciya, na haɗiya irin su Dianabol da sitanozolol kuma suna wahalar da hanta. Ko kayan na kamfani ne tsantsa, waɗannan illolin suna nan.

Akwai magana ɗaya da na ga tana shiga kunnen samarinmu fiye da zancen zuciya da hanta. A wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 1990, an gwada allurar testosteron enantet miligiram 200 duk mako a matsayin maganin hana haihuwa na maza, kuma mafi yawan mazan ƙwayoyin haihuwarsu sun ɗauke cikin watanni. Abin da 'yan jim ke tsirawa sau da yawa ya wuce wannan awon. Jiki yana ganin testosteron ya yi yawa sai ya daina yin nasa, maraina su ƙanƙance. Bayan an daina, dawowar tana ɗaukar watanni, wani ma fiye da shekara, wani sai da taimakon likita. Saurayin da ke tara kuɗin lefe ya kamata ya ji wannan daga bakinka. Wanda ya yanke shawarar dainawa ya nemi likitan da ya ƙware kan sinadaran jiki, kada ya bi jadawalin da mai sayarwa zai ba shi na wasu ƙwayoyin.

Su kwalaben, hukumar da doka ta ɗora wa gwada su ita ce NAFDAC, kuma babban ɗakin gwajin magungunanta yana nan Yaba. Kowa na iya duba lambar rajistar magani a manhajarta ta Greenbook, kowa kuma na iya kai rahoton maganin da ya yi masa illa. Likitan da ya duba abokinka ma zai iya cike fom ɗin rahoton.

Idan kuma abin ya tsaya maka a rai a matsayinka na ɗan kimiyya, to ka shigo da shi ta ƙofa. Tambayar me ke cikin allurar da ake sayarwa a wuraren motsa jiki na Legas tambaya ce ta bincike mai kyau. Ka samu malami a sashen harhaɗa magunguna ko na sinadarai, ku rubuta ƙuduri, ku kai wa kwamitin ɗa'ar bincike, ku nemi haɗin gwiwar NAFDAC, a sayo ma'auni da takardu, a rubuta kowane samfuri, a fitar da sakamako a dunƙule ta yadda babu ɗan kasuwar da zai yi talla da shi. A yankin Wales na Birtaniya hukumar lafiyar jama'a tana gudanar da shirin WEDINOS na gwada ƙwayoyin da mutane ke aikawa, kuma abin da ya raba shi da abin da ake roƙonka shi ne lasisi, da rubutacciyar hanya, da hukumar da ta ɗauki nauyi. THG ɗin da na ambata ma ɗakin gwajin Don Catlin na jami'ar UCLA ne ya gano shi a 2003, daga sirinjin da ya iso ta hannun hukumar yaƙi da maguɗin wasanni ta Amurka. Wannan aikin zai iya zama digirinka na gaba.

Abokanka ka gaya musu kai tsaye: injin na gwamnati ne, yana rubuta duk abin da aka saka masa, kuma ba ya ganin abin da ya kumbura cinyar wane. Mai sayarwar kuwa kada ka ba shi amsa a rubuce ko da ta ƙi ce mai tsawo, kada ka karɓi kwalba don ajiya, kada ka karɓi kyauta.

In kuwa ka riga ka saka wani samfuri kafin ka rubuto min, ka tsaya daga nan. Kada ka goge fayil, kada ka yage shafin rajista, kada ka share hirar WhatsApp. Ka nemi lauya da ya san dokar aiki ya duba takardar ɗaukarka da ƙa'idojin makarantarku kafin ka ce wa kowa komai a rubuce, shi zai ba ka shawarar yadda za ka sanar da shugabanka da yadda za a miƙa kwalaben da suka rage. Ka kuma tuntuɓi wakilin ƙungiyarku, NAAT ko SSANU, tun kafin takardar tuhuma ta iso teburinka.